Masu Matsar Da Tsibiri A Kan Taswira

Duk wanda ya taɓa zama a ajin makarantar firamare, ko a Gabukka ta birnin Gombe ne, ko a Agege ta Ikko, ko kuwa a Sabo ta Badun, ya san taswirar nan da akan rataye a jikin bango, wadda bakinta ya naɗe saboda tsufa. Yara sun yarda da ita kamar yadda suka yarda da malaminsu, ba su taɓa zaton za ta nuna musu abin da ba haka yake ba. To, amma idan aka buɗe littafin taswirori aka kai shafin Amurka, sai a tarar da wani abin mamaki. Can ƙasa ta hannun hagu an zana wani ɗan akwati, an zuba tsibiran Hawai a cikinsa, har mutum ya yi tsammanin in ya shiga kwalekwale daga Kalifoniya da hantsi, kafin azahar ya isa. Alhali kuwa tsakanin birnin San Faransisko da Honolulu, babban birnin Hawai, akwai ruwa fiye da kilomita 3,800, watau kamar nisan Ikko zuwa Gombe sau huɗu, in an auna a miƙe ba ta hanyar mota ba.

Da, mai zanen taswira da hannunsa yake wannan aiki, da almakashi da gam. Yau kuwa da kwamfuta ake yinsa, kuma yaron da ya koyi abin a jami'a yana iya ɗauke tsibiri daga tsakiyar teku ya ajiye shi inda ya ga dama kafin a gama shan shayi. Mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da goro a Sabo, ko mai dakon albasa a Mil 12, da wannan zance? Akwai ruwansa ƙwarai, domin irin lambobin da ake matsar da tsibiri da su, da su ne yanzu ake rubuta fulotin da ya saya a gida ya bari a hannun ɗan'uwansa.

DALILIN AKWATI

Dalilin da ya sa ake sa tsibiri a akwati bai wuce ƙarancin takarda ba. Idan aka ce lalle sai an zana Amurka da Hawai kowace a mazauninta, to, wajen rabin shafin ruwa zai zama, garuruwan kuma su ƙanƙance har a kasa rubuta sunayensu. Saboda haka sai mai zane ya yanke ruwan ya yar, ya jawo tsibirin kusa, ya kewaye shi da layi don a gane cewa ba nan yake ba. Haka ake yi wa Alaska, wadda ita ba tsibiri ba ce, amma ƙasar Kanada ta raba ta da sauran Amurka. Ita da Hawai duka cikin 1959 suka zama jihohi.

Ba Amurka kaɗai ke wannan ba. Faransa tana da tsibirai irin su Reyuniyon da Mayot a tekun Indiya, da Gwadalup da Martinik a yankin Karebiyan, kuma akan jera su cikin ƙananan akwatuna a gefen taswirarta kamar kayan mai koli. Sifen tana da tsibiran Kanari, waɗanda nisansu daga ita kanta Sifen ya fi kilomita 1,000, amma tsakaninsu da gaɓar Maroko bai wuce kimanin kilomita 100 ba. Shi ya sa samarin Afirka ta Yamma masu neman shiga Turai ke faɗa wa jiragen kamun kifi daga Senegal da Muritaniya su nufe su, kuma Allah kaɗai Ya san yawan waɗanda teku ta cinye a wannan hanya.

Ko a nan maƙwabta akwai misali. Ƙasar Gini Ikwatoriya kashi-kashi take. Akwai yankin da ke manne da Kamaru da Gabon, akwai tsibirin Biyoko, wanda dattawa suka fi sani da Fanando Po, inda 'yan Nijeriya dubbai suka yi ƙwadago a gonakin koko har aka kwaso su cikin 1975 da 1976. Sa'an nan akwai ɗan tsibirin Anobon, fiye da kilomita 600 daga Biyoko, har wata ƙasa sukutum, watau Sawo Tome da Firinsife, tana tsakaninsu. Babu yadda za a yi a zana wannan ƙasa a shafi guda ta karantu sai an yi wa Anobon akwati.

YADDA KWAMFUTA KE YIN AIKIN

Ita kwamfuta ba ta san tsibiri ba, ba ta san ruwa ba, lamba kawai ta sani. Kowane wuri a bayan ƙasa yana da lambobi biyu. Ta farko tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, ta biyu kuma tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic ta Ingila. Birnin Gombe, alal misali, yana wajen digiri 10.29 arewa, da digiri 11.17 gabas. Digiri guda daga kudu zuwa arewa kuwa kimanin kilomita 111 ne.

Tsibiri a cikin kwamfuta jerin irin waɗannan lambobi ne, ɗaruruwa ko dubbai, kowane biyu suna tsaye a matsayin dutsen safiyo guda a bakin ruwa. In aka haɗa duwatsun da layi, sai siffar tsibirin ta fito. Saboda haka matsar da shi lissafi ne irin na 'yan aji uku: a ƙara wa kowane dutse adadi kaza ta gabas, a rage masa adadi kaza ta arewa, duk tsibirin ya tashi gaba ɗaya ya sauka a sabon wuri.

Sai dai kafin a kai nan akwai wata wahala. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe, kuma duk macen da ta taɓa taka ƙwarya ta san ba ta shimfiɗuwa sai ta tsage. Don haka masana suka ƙago hanyoyi iri-iri na shimfiɗa duniya, kowace da inda take yin ƙari ko ragi. Wadda aka fi sani ita ce ta Makato, wadda aka buga cikin 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, kuma ita ce ke nuna tsibirin Girinlan kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Cikin watan Agusta, 2025, Tarayyar Afirka ta goyi bayan masu neman a daina amfani da ita a makarantu da ofisoshi saboda wannan dalili.

To, mai aiki da hankali yakan bi matakai kamar haka. Da farko ya ware lambobin tsibirin daga na sauran ƙasar, ya ajiye na ainihi a wuri dabam, ya yi aiki da kwafi. Na biyu ya shimfiɗa tsibirin da hanyar da ta dace da mazauninsa na gaskiya, ta yadda awon zai koma mita maimakon digiri, domin in ya matsar da shi yana cikin digiri, siffarsa za ta karkace. Na uku ya rage shi ko ya ƙara masa girma, ya juya shi kaɗan in da bukata. Na huɗu ya matsar da shi. Na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci, ya zana akwatin, ya sa masa nasa ma'auni, ya rubuta a ƙasa cewa ba nan tsibirin yake ba.

Duk wannan layi kaɗan ne na rubutun umarni a harsunan kwamfuta irin su Python da R, ko kuma a manhajar QGIS wadda kyauta ake saukar da ita daga intanet. Har akwai manhajojin da suka zo da dabarar a shirye. A cikin D3, wadda masu zanen taswira a intanet ke yawan amfani da ita, an riga an tsara a rage tsawon Alaska da faɗinta zuwa kashi 35 cikin 100. In aka yi lissafi, filin da ta ci a shafi ya koma wajen kashi 12 cikin 100 na haƙƙinta. Ga shi kuwa Alaska ta fi murabba'in kilomita miliyan 1.7, watau ta kusa ninka Nijeriya mai 923,768, amma yaro zai gan ta a akwati 'yar mitsitsiya.

MUTANEN DA SUKA ƘI AKWATI

Akwai waɗanda abin ya ishe su. Mutanen tsibiran Shetlan, can arewa da Sikotlan, sun daɗe suna kukan cewa kullum akan sa su a akwati daura da gaɓa, har manyan ma'aikatan gwamnati su manta cewa jirgin ruwa daga Abadin zuwa Lawik, babban garinsu, yakan kwana a hanya, wajen awa 12. Wanda ya ga kamar kana kusa kuwa ba zai gane dalilin da ya sa kaya ke tsada a garinku ba. Wakilinsu a majalisa, Tavish Scott, ya kai maganar, kuma cikin 2018 Majalisar Sikotlan ta sa a dokar tsibirai cewa hukumomin gwamnati su riƙa nuna Shetlan a mazauninta na ainihi, in kuwa sun saɓa sai sun faɗi dalili.

Ita kanta kwamfuta tana da nata tarko. Idan wani ya ɗauki taswirar da aka matsar da tsibiri a cikinta ya ce na'ura ta auna masa nisa, za ta auna ta ba shi amsa ba tare da ko tari ba, amsar kuwa ƙarya ce. Har ila yau, in aka manta ba a sa wa wuri lambobinsa ba, sau da yawa na'ura takan ɗauka sifiri da sifiri ne, ta kai shi tsakiyar teku, wajen kilomita 600 kudu da Akara ta Gana. Saboda yawan asibitoci da makarantu da shagunan da kuskure ke zubawa a wurin, masu sana'ar sukan yi raha su kira shi tsibiri, alhali babu ko tudun da tsuntsu zai sauka.

TUMBUNAN TAFKIN CADI

Nijeriya ba ta da tsibiri mai nisan da zai bukaci akwati. Tsibiranta, irin su Boni ta Jihar Ribas da tsibirin Ikko, duk a bakin gaɓa suke. Amma ta ɗanɗani abin da ya fi akwati ciwo, domin ita tsibirai aka cire daga taswirarta ɗungum, da mutanen da ke kansu.

Duk mai cin banda a Kudu ya san sunan Baga. Cikin 1963 Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000, amma farin da aka yi cikin 1973 da 1984 ya janye ruwan har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Da ruwa ya ja baya, sai tsibirai suka yi ta ɓullowa, waɗanda mutanen wurin ke kira tumbu, masunta da manoma kuma, Hausawa da Barebari da sauransu, suka yi ta bin ruwan gabas suna kafa ƙauyuka. Masunci kifi yake bi, ba ya ganin layin da Turawa suka ja a takarda. Cikin 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sojan Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan waɗansu daga cikin tsibiran nan, lokacin marigayi Muhammadu Buhari yana Manjo Janar mai jagorancin runduna ta uku da ke Jos.

Babban garin da ya kafu ta wannan hanya shi ne Darak. Shekara da shekaru Nijeriya ke gudanar da shi a matsayin wani yanki na Jihar Borno. Amma cikin 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, da farko a kan Bakasi, daga baya ta haɗa da iyakar gaba ɗaya tun daga tafkin har teku. Nijeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne a wurin, ita ke mulkinsu. Ran 10 ga watan Oktoba, 2002, kotu ta yanke hukunci cewa zama a wuri ba ya rushe takarda, kuma takardun da Ingila da Faransa suka sa wa hannu cikin 1919 da 1931 sun sa Darak a cikin Kamaru. Cikin watan Disamba, 2003, Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a yankin. Mutum yana cikin ɗakinsa, da matansa da komarsa, ko taku ɗaya bai yi ba, aka wayi gari ya zama baƙo.

Haka ta faru a Bakasi, inda kotun ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta ran 11 ga watan Maris, 1913. Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Girintiri a Amurka ran 12 ga watan Yuni, 2006, a gaban Kofi Annan na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma kammala miƙa yankin ran 14 ga watan Agusta, 2008, a Kalaba, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin bai tsaya nan ba. Da Bakasi ta fita, sai aka ce Jihar Kuros Riba ba ta da sauran bakin teku, kuma cikin 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Jihar Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da ake jayayya a kansu. Ga irin kuɗin da layi guda a taswira ke ɗauke da shi.

DAGA KOLMANI ZUWA GABUKKA

Mutanen Gombe ba sai an yi musu dogon bayani ba. Jiharsu ran 1 ga watan Oktoba, 1996, aka yanke ta daga Bauchi, kuma shekaru da yawa ba wanda ya damu ƙwarai da dajin da ke tsakanin Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. Da aka sanar da samun mai a Kolmani cikin 2019, har Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin ran 22 ga watan Nuwamba, 2022, sai kowa ya fara tambayar ina ainihin layin ya bi, domin Tsarin Mulki ya tanadi kashi 13 cikin 100 ga jihar da aka haƙo arziki a ƙasarta. Irin wannan magana aikin Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa ne, wadda aka kafa cikin 1987, tare da ofishin Babban Safiyo na Tarayya.

A cikin gari kuwa, zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, wanda ya hau mulki cikin 2019, an kafa hukumar GOGIS domin ta mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kamar yadda Abuja ta yi da AGIS tun 2003, Kaduna kuma da KADGIS. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin birni a hannun Gwamna yake a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka. Abin da ya sake yanzu shi ne, fuloti a Gabukka ko Pantami ko Tumfure ya zama jerin lambobi a cikin na'ura, daidai da tsibirin Hawai, kuma abin da ke matsar da tsibiri yana matsar da fuloti.

Ga misali biyu. Tsofaffin takardun safiyo na ƙasar nan an auna su ne daga wani tushe da ke Minna, na'urar GPS da ke cikin wayar hannu kuwa da wani tushe na duniya baki ɗaya take aiki. Bambancin da ke tsakaninsu ya fi tsawon fuloti mai ƙafa 50 da 100 nesa ba kusa ba. In aka shigar da lambar tsohuwar takarda ba a juya ta zuwa sabon awo ba, fulotin mutum na iya faɗawa kan na maƙwabcinsa, ko kan titi, ko cikin kwari. Na biyu, in magatakarda ya juya lambobin Gombe, ya sa 11.17 a gurbin arewa, 10.29 a gurbin gabas, wurin zai tashi ya sauka fiye da kilomita 130 daga inda yake, na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba, domin lambobin biyu duk masu yiwuwa ne.

ABIN DA YA KAMATA ƊAN CI-RANI YA YI

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutane da yawa sun yi shekara ashirin suna fama a Ikko ko Fatakwal ko Anacha, sun tara taro da sisi sun sayi fili a gida, shaidarsu ita ce takardar mai unguwa da wata bishiyar darbejiya da ke kusurwa. Bishiya ana sarewa, dattawan da suka shaida ciniki kuma kwana na ƙarewa. Darasin Darak shi ne, ran da aka je gaban shari'a, takarda ake tambaya.

Saboda haka duk mai fili a gida, in ya je hutun Salla, ya kamata ya ware kwana guda ya nemi safiyo mai rajista, ya tsaya da ƙafarsa a ga an kafa duwatsu huɗu a gabansa da gaban maƙwabta. Ya tambaya da wane awo aka rubuta lambobin, na Minna ko na GPS, a kuma rubuta amsar a jikin takardar. Ya kai ta hukumar filaye ta jiharsa a shigar, ya roƙi a nuna masa fulotin a kan hoton sama ya tabbata inda yake nan ne aka sa shi. Sa'an nan ya yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a akwatinsa a Kudu, ya kuma sanar da matarsa da babban ɗansa inda suke, domin rai ba a bakin komai yake ba.

Malaman makaranta kuma, na Gabukka da na Agege, in yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa aka sa wannan tsibiri a akwati?" kada a ce masa ya yi shiru. A kawo masa dunƙulen duniya, a sa yatsansa a Kalifoniya, a ja shi cikin ruwan har Hawai, ya ga nisan da idonsa. Wataƙila shi ne gobe zai zauna a gaban kwamfutar da ke riƙe da filayen unguwarsu. Allah Ya sa a dace, amin.